Idan Likita Ya Ce LASIK Bai Dace da Idonka Ba: Fashin Baƙi Kan Aikin PRK

Da an ambaci aikin gyaran gani da ake yi wa ido da leza, wato wani tsinin haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne LASIK. Shi ake tallatawa, shi ne wanda ake cewa za ka shiga asibiti yau da tabarau, gobe ka karanta lambar mota daga nesa ba tare da shi ba. To amma ba kowane ido ne ke ɗaukarsa ba. Mutane da yawa na tara kuɗi, wasu har su yi tattaki zuwa Alƙahira ko Dubai ko Indiya, bayan an gama awo likita ya ce: "Idonka ba na LASIK ba ne, amma ana iya yi maka PRK." A nan gwiwa kan yi sanyi. Wani ya ɗauka an mayar da shi kan aikin maneji. Wani kuma ya fara tunanin neman likitan da zai yarda ya yi masa abin da ya zo nema. Wannan tunani na biyu shi ne yake ba ni tsoro, domin wanda ya nace zai iya samun mai yi masa, kuma abin da ake cirewa daga ido a wannan aiki ba ya mayuwa.

A gaban ido akwai wata fata garai-garai mai ɗan tudu wadda ta rufe baƙin ido, likitoci na kiranta koniya. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi daga gare ta yake fitowa. Idan tudunta ya yi yawa, ko ƙwayar idon ta cika tsawo, hasken sai ya haɗu tun bai kai bangon bayan ido ba, mutum ya riƙa ganin kusa tangaran, nesa kuwa dishi-dishi. Tabarau na gyara hanyar hasken ne kafin ya shiga. Ita kuwa leza koniyar kanta take sassaƙewa, ta rage mata tudu, ta yadda hasken zai sauka inda ya kamata.

Kaurin koniya a tsakiyarta bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. A ma'aunin likitoci, maikiron 540 zuwa 550 ne ga yawancin mutane, maikiron ɗaya kuwa shi ne a raba milimita gida dubu a ɗauki ɗaya. A saman akwai wata siririyar fata mai kaurin maikiron 50 ko kusa da haka, wadda take sabunta kanta kullum. Ko an kankare ta, cikin 'yan kwanaki za ta sake rufewa. A ƙarƙashinta kuma akwai ainihin naman koniya, wanda shi ne ƙarfinta, shi kuma in an cire ba ya tohowa. Duk bambancin da ke tsakanin LASIK da PRK yana rataye ne a kan waɗannan abubuwa biyu, mai tohowa da marar tohowa.

A LASIK, likita yana fere wani marfi daga saman koniya, mai kaurin maikiron 100 zuwa 120 idan da leza aka yanka, ya bar gefe ɗaya a maƙale, ya ɗaga shi, ya sassaƙe naman da ke ƙasa, sannan ya mayar da marfin ya kwantar. Da yake fatar sama ba ta samu rauni ba sai a bakin yankan, zafin kaɗan ne, gani kuma yana washewa cikin kwana guda. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne marfin nan ba ya komawa ya haɗe da sauran nama kamar da. Bakinsa ne kawai ke kamawa sosai. Shi ya sa likita ke iya sake ɗaga shi bayan shekaru idan ana son ƙara gyara, kuma shi ya sa a lissafin ƙarfin koniya ba a ƙirga shi. Ga shi kuma ɓangaren saman naman, wanda marfin ke tafiya da shi, shi ne ya fi ƙwari.

A PRK babu marfi. Ana kankare fatar sama mai tohowa, a sassaƙe naman kai tsaye daga samansa, a bar fatar ta sake rufewa da kanta.

Bari mu yi lissafin da likitan ke yi a zuciyarsa. A ce ga matashi mai koniya maikiron 490, lambar tabaraunsa -6. Kowace lamba ɗaya tana cin maikiron 12 zuwa 15 na nama, ya danganta da faɗin wurin da za a sassaƙe, don haka shi wajen 90 za a cire masa. Idan LASIK ne, a cire 110 na marfi, a cire 90 na sassaƙa, abin da ya rage yana riƙe da idon shi ne 290. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada ya gaza 250, amma likitoci da yawa yanzu ba sa son ya gaza 300. Akwai kuma wani lissafin da ke cewa idan marfi da sassaƙa suka kai kashi 40 cikin ɗari na kaurin koniya, an shiga haɗari. Na wannan matashi ya ɗan haura haka. Idan kuwa PRK ne, fatar sama 50 ce ake cirewa, naman 440 ne, a sassaƙe 90, saura 350, sannan fatar ta dawo ta hau kai. Ido ɗaya, lamba ɗaya, amma tazarar maikiron 60 na nama mai ƙwari. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa aka ce masa a'a a nan, aka ce masa e a can.

Me ake gudu? Cikin ido akwai ruwa mai matsa bangonsa dare da rana. Idan koniya ta yi siriri fiye da kima, matsin nan sai ya riƙa turo ta waje a hankali, kamar yadda tayar keke da ta cinye take yin ƙulli a wurin da ta fi laushi. Ba ranar aiki abin ke bayyana ba. Watanni ne, wani lokaci shekaru, mutum ya ga ganinsa na sake lalacewa, wannan karon kuma ta hanyar da tabarau ba ya iya gyarawa sosai. An fara ba da rahoton wannan matsala bayan LASIK a 1998. Ba ta da yawa, amma wanda ta sama yana iya ƙarewa da gilashi mai tauri da ake manna wa a ido, ko ma dashen koniya. Likitan da ya hana ka LASIK saboda sirancin koniya wannan yake kare ka daga gare shi.

Ba masu siririyar koniya kaɗai ake karkatarwa zuwa PRK ba. Ɗan dambe, ɗan kokawa, soja, duk wanda sana'arsa ke iya jawo masa duka ko tsokana a ido, marfi abin damuwa ne gare shi, domin an sha ganin marfin ya goce bayan shekaru sakamakon rauni. Rundunar sojan Amurka ta daɗe tana yi wa dakarunta PRK da yawa saboda wannan dalili. Haka nan mai fama da bushewar ido: yankan marfi yana katse jijiyoyin da ke sanar da ido cewa yana bukatar hawaye. PRK ma yana busar da ido, kada a ce ban faɗa ba, sai dai jijiyoyin da yake taɓawa ba su kai na LASIK zurfi ba. Akwai kuma masu ɗan tabo a saman koniya ko masu fatar sama da ba ta kama da kyau ba, waɗanda kankarewar ma kanta wani lokaci gyara ce a gare su.

Masu ganin PRK a matsayin sabon abu ko na gwaji, su sani ya girmi LASIK. A farkon shekarun 1980 ne Rangaswamy Srinivasan, wani masani a kamfanin IBM a Amurka, ya gano cewa lezar eksaima tana iya cire nama ƙanƙane-ƙanƙane ba tare da ta ƙona na kusa da shi ba. A 1983 Stephen Trokel ya nuna za a iya amfani da ita a kan koniya. A 1988 likita Marguerite McDonald ta yi PRK a kan idon mutum mai gani a birnin New Orleans. Hukumar FDA, mai kula da magunguna da na'urorin asibiti a Amurka, ta amince da shi a 1995. Shi kuwa LASIK, wanda Ioannis Pallikaris ya ɓullo da shi a ƙasar Girka wajen 1990, bayan haka ne ya samu amincewa, ya kuma mamaye kasuwa. Abin da ya ba shi rinjaye saurin warkewa ne da ƙarancin zafi. Ta fuskar ingancin gani, idan aka gwada waɗanda aka yi wa ayyukan biyu bayan wata shida ko shekara, ga masu ƙarama da matsakaiciyar lamba, sakamakon kusan ɗaya ne. Leza ɗaya ce ma ke yin sassaƙar.

Aikin kansa ɗan gajere ne. Mutum na kwance a rigingine, idonsa biyu. A ɗiga masa maganin kashe zafi, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada ya ƙyafta. Likita ya ɗora wani ɗan zobe a kan koniya, ya zuba ruwan alkohol da aka tsarma, kashi 20 cikin ɗari, ya bar shi kimanin daƙiƙa talatin har fatar sama ta saki, sannan ya share ta. Wasu da ɗan buroshi suke cirewa, wasu kuma lezar ce ke cire fatar da kanta, wanda ake kira TransPRK. Akwai kuma LASEK, inda ake ture fatar gefe a mayar da ita bayan an gama. Duk 'yan gida ɗaya ne, ba marfi a cikinsu. Daga nan sai a ce ka zuba ido a kan wani ɗigon haske. Za ka ji na'ura na ƙara tas-tas-tas, ka ji ƙaurin ƙonannen gashi, kafin minti guda an gama. Kowane bugu yana cire wajen rubu'in maikiron ne, na'urar kuma na bin motsin idon, in ya kauce sosai ta tsaya. A wanke da ruwa mai sanyi, a ɗora wani lallausan gilashi marar lamba a matsayin bandeji. Ka tashi, har kana iya ganin agogon bango, ka ce ashe abin ba wuya.

Wuyar tana gaba. Koniya na cikin sassan jiki da suka fi yawan jijiyoyin jin zafi, ga ta kuma an bar ta a ɗaye. Da maganin kashe zafi ya sake ka, raɗaɗi zai fara, hawaye su yi ta zuba, fatar ido ta kumbura, ko hasken waya ba ka iya kallo. Kwana na biyu da na uku su suka fi tsanani ga yawancin mutane. Wani abin ya zo masa da sauƙi, wani kuwa sai ya kwana zaune a ɗaki mai duhu. Cikin kwana uku zuwa biyar fatar take rufewa, tana tahowa daga gefe zuwa tsakiya, kuma da yake a tsakiyar take haɗuwa, daidai inda ake gani, sai ganin ya ƙara dushewa a lokacin da mutum ke sa ran ya washe. Mutane da dama a nan hankalinsu ke tashi, su ɗauka aiki ya ɓaci, alhali hanyar warkewar ke nan. Bayan an cire bandeji, mako ɗaya zuwa biyu kafin a iya tuƙi da aikin kwamfuta ba tare da wahala ba, wata ɗaya zuwa uku kafin ganin ya zauna, wasu ma har shida. Wanda zai yi PRK ya nemi hutun aƙalla mako guda da mai jinya, kada ya yarda da mai ce masa kwana biyu sun isa.

Gargaɗi ɗaya a nan: maganin kashe zafin da aka ɗiga a ɗakin aiki ba abin da za a nemo a kemis a ci gaba da ɗigawa a gida ba ne. Yawan amfani da shi yana hana fatar rufewa, har ya narkar da koniya. In likita ya bayar da wani abu makamancinsa, to iya adadin da ya faɗa.

Babbar illar da aka fi danganta PRK da ita ita ce hazo. Yayin da raunin ke warkewa, wani lokaci jiki yakan zarce gona da iri, ya shimfiɗa wani farin tabo marar kauri a ƙarƙashin sabuwar fatar. Yakan fara bayyana bayan makonni, ya kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan watanni, galibi kuma ya dushe da kansa. Ya fi samun masu babbar lamba, saboda sassaƙarsu ta fi zurfi. A yau likitoci da yawa suna ɗora wani magani mai suna mitomycin C, mai ƙarfin kashi 0.02 cikin ɗari, na 'yan daƙiƙoƙi bayan leza, kuma ya rage matsalar ƙwarai.

Wannan batu na hazo ya shafe mu kai tsaye. Hasken rana mai ƙarfi yana tunzura shi, mu kuwa rana ba abin da muke nema ba ce. Wani bincike daga Saudiyya da aka wallafa a 1999 ya gano hazon ya fi yawa a masu ido ruwan ƙasa fiye da masu shuɗin ido, duk da cewa a lokacin amfani da mitomycin bai yaɗu ba. Saboda haka baƙin tabarau mai tare hasken rana na gaske, ba na ado da ake saya a bakin titi ba, ya zama wajibi na tsawon watanni. Sannan a duba lokacin da za a yi aikin. Wanda aka kankare wa ido ya dawo Kano ko Damagaram a tsakiyar hunturu, ga ƙura ga bushewar iska, ya kuma hau babur ba kariya, ya ɗora wa idon nauyin da ba dole. Haka hayaƙin murhu, haka kwalli, wanda sai an ajiye shi har likita ya ba da izini. Ruwan famfo ko na rijiya bai kamata ya shiga idon ba kafin fatar ta rufe, domin ta nan ƙwayar cuta ke samun ƙofa. Mai alwala ya tambayi likita kwana nawa ne, sannan ya kai wa malaminsa amsar ya ji yadda zai yi a waɗannan kwanaki.

Sai maganar maganin ɗigawa na sitiroyid, wanda ake ba mai PRK na makonni ko watanni, ana rage shi sannu a hankali don hana hazo. Wannan magani yana tayar da matsin ruwan ido ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba, ciwon gilakoma kuwa, wanda muke kira hawan jinin ido, ya fi yawa kuma ya fi tsanani a mutanen Afirka ta Yamma. Ke nan dole a riƙa auna matsin muddin ana ɗiga shi. A nan nake ganin masu fita waje suna yin sakaci. An yi aiki, an hau jirgi bayan kwana huɗu, an dawo gida da kwalabe a leda, babu wanda zai sake leƙa idon. Wani ya daina maganin da ya ji sauƙi, wani kuma in ya ƙare ya sayo wani a kemis ya ci gaba har bayan wa'adi. Dukansu biyun suna wasa da ganinsu. Kafin a sayi tikiti, a fara samun likitan ido a gida wanda ya san za a tafi kuma ya yarda zai ci gaba da dubawa, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ne, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko duk inda ya fi kusa. Kuma kada a baro can sai likitan da ya yi aikin ya cire bandejin da hannunsa ya tabbatar fatar ta rufe.

Ba kuma duk wanda aka hana LASIK ne PRK zai karɓa ba. Akwai ciwon da ake kira keratokonas, inda koniya da kanta take siracewa tana tsini tun mutum na saurayi. Alamarsa ita ce lambar tabarau ta yi ta canzawa, kowane sabon gilashi kuma ba ya gamsarwa. Yana da alaƙa da yawan murza ido, mu kuwa muna da yara da yawa masu ƙaiƙayin ido na shekara da shekaru, irin waɗanda farin idonsu ke rinewa ya koma ruwan ƙasa. Wanda ya tashi da wannan ya faɗa wa likita ko ba a tambaye shi ba. Mai keratokonas ba ragin nama yake bukata ba, ƙarfafawa yake bukata, kuma akwai aikin da ake yi da sinadarin riboflabin da wani haske na musamman don taurara koniyar. Abin da ke tona wannan ciwo tun yana ɓoye shi ne hoton taswirar koniya, mai nuna tudu da kaurinta gaba da baya. Asibitin da zai sa maka ranar aiki bai ɗauki wannan hoto ba, ka kama gabanka. Mai sa gilashin da ake manna wa a ido kuma sai ya ajiye shi mako ɗaya ko biyu kafin awon, mai taurin ma fiye da haka, domin yana canza siffar koniya ya ɓata lissafi.

Mai ciki da mai shayarwa su jira. Wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda lambarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba na tsawon shekara guda, shi ma ya jira. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, rauninsu ba ya warkewa yadda ake so. Wanda tabonsa kan yi tudu ya kumbura bayan rauni ko hujin kunne, ya ambata wa likita.

Za a iya jin sunan wasu ayyuka biyu. SMILE, wanda FDA ta amince da shi a 2016, leza ce ke yanka ɗan faifai a cikin naman koniya a zaro shi ta ƙaramar kafa. Babu marfi, warkewa da sauri, amma nama ake cirewa daga ciki, don haka ba mafita ba ce ga koniyar da ake zargin rauninta. ICL kuwa ba aikin leza ba ne: ɗan gilashi ake dasawa a cikin ido a bayan baƙin ido, ba a taɓa kaurin koniya, shi ya sa ya fi dacewa da masu lamba mai girma sosai. Sai dai shiga cikin ido ne, da nasa haɗarin, da nasa tsadar.

PRK ba ya maganin yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido, ba ya kuma hana raunin ganin kusa da ke zuwa bayan shekara arba'in. Mai karatun Alƙur'ani ko jarida zai iya komawa ga tabarau na karatu idan lokacin ya yi, ko da nesa na fita tangaran. Akwai kuma abin da ke biyo bayan aikin har tsufa. Na'urar auna matsin ido tana danna koniya ne, koniyar da aka sirance kuma takan sa ta nuna lamba ƙasa da gaskiya, ta yadda mai hawan jinin ido zai iya wucewa a ce lafiyarsa lau. Haka nan idan yanar ido ta zo shekara talatin bayan aikin, lissafin gilashin da za a dasa ya bambanta ga idon da aka taɓa sassaƙewa. Don haka ranar sallama ka karɓi takardar da ke ɗauke da lambar tabaraunka kafin aiki, da kaurin koniyarka, da taswirarta, da yawan abin da aka cire. Ka ɗauki hotonta a waya, ka adana ta asalin, kuma duk likitan idon da ka zauna a gabansa nan gaba ka fara gaya masa an yi maka PRK kafin ya fara awo.